Namijin Dabinon Hajja Mabruka

Ranar da Umran ya zo da matar nan daga Alƙahira, Hajja Mabruka tana tsakar gida tana tsince zaitun. Ta ɗaga kai ta ga mace cikin wando, tabarau a saman goshi maimakon a ido, ta rataya wata jaka ta ganyen dabino, irin wadda mu nan Siwa, a hamadar Masar, muke zuba wa jaki abinci a ciki.

"Yamma, ga Bashmuhandisa Nirmin," in ji Umran, don Yamma yake kiran uwarsa. "Injiniya ce. Ita za ta gyara mana gida."

"Me ya sami gidan?"

"Ba abin da ya same shi. Gyara dai."

Umran shi kaɗai ne ɗanta namiji. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa Turawa cikin rairayi suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, kuma a cikin shekarun nan abu ɗaya ya koya: Bature ya fi sakin hannu in ka kwantar da shi a ɗakin da ya yi kama da na matsiyaci. Shi ne ya ƙudura zai mai da falon uwarsa da ɗakuna biyu na gaba masaukin baƙi. Wai gida mai tausayin muhalli. Haka ake ce musu yanzu.

Ita kuwa Mabruka a gidan karshif aka haife ta, laka da dunƙulen gishiri, irin ginin iyayenmu. Tana budurwa aka yi ruwan sama na kwana biyu, bangon ɗakinsu ya narke kamar sukari a shayi. Saboda haka da marigayi mijinta Hajj Dawud ya sami hali, ya yi mata ginin bulo da siminti, ya shafe falo da koren fenti mai sheƙi, ya sa tayil, ya rataya fanka. Sati guda matan unguwa suna zuwa suna shafa bangon da tafin hannu.

Nirmin ma ta shafa shi. Sai ta janye hannu kamar ta taɓa mushe.

"Hajja, bangon nan ba ya numfashi."

"Alhamdu lillahi," in ji Mabruka. "Na san bango mai numfashi, 'yata. Shi ya faɗo wa kakata a ƙafa."

Nirmin ta yi dariya, ta ce wa Umran mahaifiyarsa akwai ban dariya. Kashegari leburori suka sauka.

Aka fitar da kujerun roba. Aka fitar da furen roba da ya shekara goma sha biyar bai taɓa neman ruwa ba. Aka ciro fanka, aka farfasa tayil mai lafiya da guduma, aka loda duka a mota aka kai bayan gari aka zubar, don a ceci duniya. Sannan aka kwaɓa karshif aka yaɓe shi a kan bulon, ciki da waje, yadda ba wanda zai san akwai siminti a ƙasa. Aka jera fitilu na dutsen gishiri. Aka shimfiɗa tabarma. Wata tsohuwar salka da ɓera ya huda, wadda Mabruka ta jefa kan rufin kaji tun Umran yana makaranta, aka sauko da ita aka kaɗe aka rataye a bango, har da 'yar fitila a ƙarƙashinta don kowa ya ga ramin ɓeran da kyau.

Maƙwabciyarta Gazala ta leƙo ranar nan da kwanon miyar adas, ƙananan waken nan namu, a ƙarƙashin mayafi. Ta dubi falon, idonta ya kawo ruwa.

"Haba Mabruka. Shekara nawa muna tare, Umran ya karye ki kasa faɗa mini?"

"Bai karye ba. Biya ya yi aka yi masa haka."

"Biya?"

"Har da kuɗin mota daga Alƙahira."

Gazala ta zauna a ƙasa, tun da ba kujera, ta ce Allah ya shirya. Miyar kuwa suka shanye ta su biyu.

Duk wannan Mabruka ta haɗiye. Ɗakinta na baya ba a taɓa ba, fankarta ƙarama tana nan, kuma ɗa ɗa ne, in ya ga abincinsa a cikin laka sai a bar shi ya tona. Abin da ba ta haɗiye ba sai da aka zo maganar rufi.

Nirmin ta ce silin falon sai an jera masa azara ta gungumen dabino, kamar na da. Kuma ba za a ɗauko daga nesa ba, don hayaƙin mota yana ɓata iska. Dole icen ya fito daga ƙasar gidan. Tana faɗin haka tana tsaye a tsakar gida, sai ta ɗaga kai.

Dabino ɗaya ne a gidan. Dogo, ya wuce rufi ninki biyu, gindinsa sai mutum biyu sun haɗa hannu.

"Hajja, wannan buhu nawa yake ba ki a shekara?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

"Bai taɓa haihuwa ba?"

"Bai taɓa ba. Ina zai haihu, namiji ne."

Fuskar Nirmin ta washe. Ta ce to madalla, ita a aikinta ba ta yarda a sare bishiya mai ba da abinci ba, wannan ƙa'idarta ce, an san ta da haka har ƙasar waje. Amma wannan da yake tsaye kawai yana shan ruwa a banza, ai an ma taimaki ƙasa. Ta ciro alli daga jakar jaki ta zana masa alama a gindi.

To, yaron da bai fi shekara biyar ba a garin nan ya san abin da namijin dabino yake yi. In sanyi ya fara ja da baya, sai ya fitar da kube, kuben ya tsage, fure ya bayyana fari fat da gari kamar na alkama. Mai hawa ya yanko shi ya rarraba zare-zare, a hau kowace mace a lambu a cusa mata zare biyu uku a cikin furenta a ɗaure. In ba a yi haka ba, sai ka ga dabino ya fito ƙanana, ba ƙwallo ba zaƙi, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Kuma ba kowane namiji ba ne. Akwai mai gari kaɗan, akwai mai makara. Na Mabruka shi ke riga kowa buɗewa, garinsa kuwa in an girgiza sai ya rufe wa mutum gira. Lambuna sun fi talatin da suke jiransa. Duk shekara maza sukan tsaya a ƙofar gidan su yi sallama da ladabi, "Hajja, ya buɗe?" In kaka ta yi kuma kowa ya aiko da kwando. Tun rasuwar Hajj Dawud, da kwandunan nan take ci, da su take kyauta, kuma saboda su ne har yau ba a yanke shawarar biki a unguwar ba tare da an ji ta bakinta ba. In aka sare shi, ta koma tsohuwa a ɗakin baya mai jiran ɗa ya miƙo.

Ta kira Umran da harshenmu, wanda Nirmin ba ta ji.

"Kai ma ba ka san aikinsa ba ne?"

"Na sani, Yamma. Amma yanzu ana sayar da fure a kasuwa."

"Na bara, wanda ya sha rana. Sa shi ka gani."

"Yamma, sati uku ya rage. Masu ɗaukar hoto za su zo daga wata mujalla. In suka buga mu, shi ke nan mun haye. Ni zan riƙe ki, me za ki yi da kwandon mutane?"

"Ka faɗa mata dai."

"In ce mata me? Mace ta yi karatu a ƙasar waje, in tsaya ina koya mata auren dabino?"

Kunya yake ji, shi ke nan. Tun yana yaro haka yake, in baƙo mai takalmi ya yi magana sai wuyansa ya yi laushi.

Sai Mabruka ta gwada da kanta. Ta dafa shayi ta zaunar da Nirmin, ta yi mata bayani da Larabci tiryan-tiryan, tun daga kube har kwando. Nirmin tana ta gyaɗa kai, idonta a kan hannun tsohuwar.

"Hajja, hannunki akwai tarihi. Ki bari in ɗauke shi hoto yana riƙe da kofin nan."

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, na ji, abin sha'awa ne. Kar ki damu. Duk bishiyar da muka sare, goma muke dasawa. Da hannunki ma za ki dasa ta farko."

"Shekara nawa kafin su yi fure?"

"Bakwai, takwas."

"Ni saba'in da biyar gare ni. Ke za ki zo ki ba mutane haƙuri kafin nan?"

Nirmin ta dafa mata kafaɗa ta ce sauyi yana da wuya ga kowa.

Aka sa ranar Asabar za a sare shi. Nirmin ta hana a kawo zarto mai inji, wai hayaƙi da ƙara. Da gatari za a yi, kamar na kakanni. Masu gatarin da suka iya kayar da dogon dabino a cikin gida ba tare da ya faɗa kan ɗaki ba kuwa, ba su da yawa: sai an hau an ɗaura igiya, mutum shida su ja, ɗaya yana sara. Umran ya je wajen Ammu Rajih, tsohon da ya shekara talatin yana hawa wannan dabinon yana yanko furensa. Rajih ya ce ko a mafarki. Sai Umran ya samo wasu samari 'yan ci-rani daga ƙauyen gaba, waɗanda ba su da lambu ba su da asara.

Asabar da hantsi suka shigo da igiyoyinsu, su bakwai, ga magina huɗu suna kwaɓa karshif a gefe don ƙarasa bangon zaure. Kamar kullum, Umran ya yi gyaran murya tun daga ƙofa don mata su shige ciki. Haka muke. Matar aure a nan, ko inuwarta namijin da ba muharraminta ba bai sani ba. In za ta fita, ta lulluɓa da shuɗin mayafi har ƙasa, ta hau amalanken jaki kamar buhu. Magina sun yi sati biyu a gidan, muryar Mabruka kawai suka sani.

Ƙofar ɗakin baya ta buɗe. Mabruka ta fito da 'yar tabarma da kwanon lalle da mataji. Ta taka a hankali, don gwiwarta ba ta son gaggawa, ta shimfiɗa tabarmar a gindin dabinon, daidai kan allin. Ta zauna ta jingina. Ta cire mayafi ta ninke ta ajiye. Ta cire ɗankwali. Ta fara tsefe kitsonta, furfura fari tas har kafaɗa.

Wanda ya fara gani wani magini ne. Ya ce "A'uzu billahi," ya saki cebur ya juya fuska ga bango. Kafin ka ce me, maza goma sha ɗaya suna turereniya a bakin zaure, kowa hannu a ido, ɗaya ya taka kwaɓin laka ya bar takalminsa a ciki bai waiwayo ba.

"Yamma!" Umran ya ƙaraso a guje. "Yamma, mene ne haka? Rufe kanki, don girman Allah!"

"Gidana ne. Kaina ke ƙaiƙayi."

"Akwai maza!"

"Ina suke?"

Ya waiga. Ba kowa sai gatari da igiya.

"Kin kunyata ni a gari."

"Ga gatari nan. Kai ai ɗana ne, ba wanda ya hana ka tsayawa. Sara."

Ya dubi gatarin, ya dubi tsawon dabinon, ya dubi sabon falonsa da ke daidai inda zai faɗa. Ya fita yana huci.

Nirmin kuwa da farko murna ta yi. Ta shigo tana tafa hannu, wai yau ta ga macen Siwa ta 'yantar da kanta, gashi ya sha iska. Sai da ta je waje ta ce wa leburori su koma aiki, suka dube ta kamar ta ce su shiga wuta, sannan ta fara fahimta.

"Ai tsohuwa ce!" in ji ta. "Sa'ar kakarku!"

"To ke ki sare mana, Bashmuhandisa," in ji babbansu. "Mu dai muna da iyaye."

Umran ya yi lissafinsa: tsohuwa ce, dole ta tashi salla, dole ta zaga, dole rana ta kore ta. Ya ce samarin su zauna a inuwar waje su jira. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne katangar baya, inda mata ke miƙa wa juna gishiri da labari. Kafin azahar Gazala ta shigo ta ƙofar mata da tiren dabinon da za ta cire wa ƙwallo. Bayanta matar Rajih da surukarta. Bayansu wasu biyar, kowace da ɗinkinta ko jaririnta, kowace kuma mijinta yana da lambun da ke jiran kuben nan ya tsage. Suka zauna suka kewaye gindin, suka tuɓe mayafai suka tara a gefe. Da Umran ya kutso kai don ya ga ko uwar ta tashi, sai ihu ya tare shi.

"Kai! Wane ne wannan? Matan mutane ne a nan!"

"Ɗan Dawud, ashe ba ka da kunya?"

"Bari in faɗa wa mijina ka ga kitsona!"

Ya koma da baya har yana tuntuɓe. Daga ranar, mai gida bai ƙara ganin tsakar gidansa ba. Ta taga ake miƙa masa abinci.

Kwana huɗu aka yi haka. Da gari ya waye mata su hallara, in wasu sun tafi girki wasu su karɓa. An yi kitso, an yi lalle, an gama ɗinkin rigar amarya guda, an kuma raba auren mutum biyu an sake ɗaurawa da baki. Karshif ɗin da aka kwaɓa ya daskare a inda yake ya zama dutse, da takalmin a ciki. 'Yan ci-rani suka gaji suka tafi ɗiban zaitun. Nirmin ta shigo sau ɗaya da wayarta a ɗage, wai wannan hoto ne da duniya ya kamata ta gani. Gazala ta karɓe wayar cikin ruwan sanyi ta zauna a kanta, ta ce in Bashmuhandisa za ta tafi gida sai ta tuna mata.

A rana ta huɗu Nirmin ta zo ta durƙusa a gaban Mabruka, tabarau ɗin ya sauko kan ido a karo na farko.

"Hajja, saura kwana goma sha shida. Sunana ne a kan aikin nan."

"Ni ma sunana ne a kan wannan."

"To ina zan sami azara? Ko an sare wani yau..."

"Ko kin sare wannan ma, 'yata, ɗanyen gungume ba ya hawa rufi. Sai ya kwana arba'in a tafkin gishiri, ya shekara yana bushewa, in ba haka ba ƙwaro ya cinye shi a kan baƙinki. Ba a koya muku wannan ba a ƙasar wajen?"

Nirmin ta dubi dabinon tun daga gindi har sama.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Kin tambaya?"

Matar Rajih ta tuntsire da dariya har ta soke yatsa da allura.

Azara dai ta zo, bayan kwana tara, a bayan babbar mota tun daga Alƙahira, tana tuƙa hayaƙi baƙi ƙirin har ƙofar gida. Ta roba ce, an zuba ta a inji ta fito da kamannin gungumen dabino, har da zare-zaren. Yaro ɗaya zai iya ɗaukar biyu. Aka manna su a silin da gam, aka shafa musu laka a gefe-gefe. Masu mujalla suka zo suka kwanta a ƙasa suna ɗaukar su hoto. Ɗaya ya ce yana jin ƙamshin shekaru ɗari.

A satin ne kuben farko ya tsage. Rajih ya yi sallama daga ƙofa, mata suka shige, ya hau da igiyarsa a ƙugu yana waƙarsa ta kullum da muryar nan tasa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Masu mujalla suka fito a guje. Nirmin na tsaye tana yi musu bayani da Turanci, hannu na nuna sama, kai ka ce ita ta dasa shi.

Kashegari Umran ya zo ɗakin baya da wani allo na icen zaitun, an ƙona rubutu a jiki. Tun ranar gatari bai zauna sun ci abinci tare ba, kuma yau ma a tsaye ya tsaya.

"Bashmuhandisa ta ce a kafa wannan a jikin dabinon."

"Me aka rubuta?"

Ya sosa ƙeya. "Bayani ne dai. Na baƙi."

"Karanta mini."

"An ce... wannan bishiya, gidan nan ne ya cece ta daga sara. Don kare muhalli."

"Gidan."

"Haka aka rubuta."

"Da sunan wa a ƙasa?"

Ya ce na Bashmuhandisa ne. Mabruka ta karɓi allon ta juya shi gaba da baya, ta auna nauyinsa a hannu, ta ga zai yi kyau a yanka albasa a kai. Ta miƙa masa.

"Kafa mata. Amma da igiya za ka ɗaura, sako-sako. Ka kuskura ka buga masa ƙusa, wallahi gobe da safe kaina zai sake ƙaiƙayi, kuma baƙinka na cikin gida."

Ya fita neman igiya.